Ƙanwata ta shiga SS1: Baba na son likita, ita tana son lauya

Yayan_Gida_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Autarmu ta gama JSS3, sakamakon BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito, an koma makaranta. An ba su takarda su kawo gida a cike: ajin kimiyya, ajin adabi da muke ce wa At, ko ajin kasuwanci, a ƙasa kuma a jera darussan da yaro zai ɗauka, uba ya sa hannu. Ranar Litinin ake so a mayar. Makarantar ma ta riga ta rubuta sunanta a SS1A, ajin kimiyya, wai don tana cikin goman farko. Baba ya ji daɗi, dama shi burinsa a ce akwai likita a gidan. Ita kuwa ta ce lauya take so. Turancinta na da kyau, ita ke wakiltar makarantarsu a gasar muhawara, amma lissafi da ƙyar da jiɓin goshi take kai C. Ni ke biyan kuɗin makaranta, sai dai ba ni da bakin magana a gaban Baba in ba da hujja ba. A bar ta a kimiyya in ya so ta sauya daga baya, ko tun yanzu a mayar da ita At?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. A bar ta a kimiyya. Ɗan kimiyya na iya juyawa ya karanci komai a jami'a, ɗan At kuwa ya rufe wa kansa ƙofa. Kowa ya san wannan.

Malam_Fiziks:
Abu Sumayya, wannan "kowa ya sani" ita ta jefa yara da yawa cikin wahala. Rabinta gaskiya ne, rabinta ba haka ba ne. Ɗan At ba zai karanci likitanci ko injiniyanci ba, wannan haka yake. Amma shi ma ɗan kimiyya ba komai yake iya shiga ba. A yawancin jami'o'inmu aikin lauya na buƙatar kiredit a adabin Turanci, wato litireca, a WAEC ko NECO, kuma da shi za a zauna JAMB. Yarinyar da ta yi shekara uku tana fiziks, kemistiri da bayoloji, ina za ta samo litireca? Ina za ta samo darasin gwamnati ko tarihi?

Yayan Gida, shawarar da nake ba iyaye kullum ita ce a fara lissafin daga can gaba a dawo baya. A ɗauki kwas ɗin da yaro ke so, a buɗe kundin JAMB, a ga darussa huɗun da zai rubuta. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun su ke bambanta. Likitanci: fiziks, kemistiri, bayoloji. Injiniyanci: lissafi, fiziks, kemistiri. Akanta: lissafi, tattalin arziki da wani darasi na ɓangaren zamantakewa ko kasuwanci. Sai a duba kiredit biyar ɗin da jami'a ke nema. Bayan an ga wannan ne ake cike waccan takardar. Mu kuwa sai mu cike takarda a SS1, sai yaro ya je wajen rajistar JAMB a SS3 sannan mai kwamfuta ya gaya masa darussansa ba su dace da kwas ɗin ba.

Hajiya_Nas:
Ni dai a matsayina na uwa ina bayan Baba. Muna fama da ƙarancin mata a asibitoci. Ku zo ɗakin haihuwa ku ga matan da ke ƙin a duba su don namiji ne ke aiki ranar, wata sai ta koma gida ta haihu a hannun ungozoma. Ko likitancin bai samu ba, akwai aikin jinya, akwai unguwar zoma ta zamani, akwai makarantun koyon kiwon lafiya. Kwalejin jinya kiredit biyar take nema: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri, bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. 'Yar At ko fom ba za a sayar mata ba.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Hajiya, da girmanki, su kotunan fa? Matar da aka cinye wa gado, ko aka ƙwace mata 'ya'ya bayan saki, ita ma akwai abin da ba za ta iya faɗa wa lauya namiji ba. Mata lauyoyi ma ba su ishe mu ba.

Hajiya_Nas:
Ban musa ba ɗana. Na faɗi wanda idona ke gani kullum ne.

Injiniya_Ba_Aiki:
Ni ne irin yaron da ake magana a kai, shekaru ne kawai suka wuce. Tarihi nake so kamar me. A JSS ni nake karanta wa kakana labarin sarakunan Kano da daddare. Da aka zo SS1 yayan mahaifina ya ce ajin At ajin daƙiƙai ne, ɗan gidansu ba zai zauna a can ba. Aka tura ni kimiyya. Na ci, ban ce ban ci ba, da haddar fomula da taimakon lesin. Na yi ta bin likitanci bai samu ba, daga ƙarshe aka ba ni injiniyanci, na fito da sakamako mai rauni. Yau waya nake sayarwa a Farm Centre. Alhamdu lillahi ina ci ina sha, amma takardar tana cikin akwati. Yayan Gida, abin da zan ce maka shi ne yaron da bai son darasi zai iya cin WAEC, amma ba zai iya gogayya da wanda ke sonsa ba a wajen neman gurbin likitanci.

Abu_Sumayya:
To ai ga shi kana kasuwancinka. Da tarihin ka karanta, da yanzu ina kake? Aikin koyarwa a firamare?

Malama_Ta_Aji_Uku:
Abu Sumayya, mu masu koyarwa a firamaren muna cikin zauren nan fa. A riƙa sassauta harshe.

Abu_Sumayya:
Allah ya ba ki haƙuri Malama, albashin nake nufi.

Tsohon_Firinsifal:
Bari in shigo nan, don ni na daɗe ina raba yara ajujuwa. Yadda ake yi a makarantu da yawa shi ne a ɗauko jerin sakamako, a ja layi: na sama su tafi A, kimiyya, na tsakiya B, na ƙasa C. Ba a tambayar yaro, ba a duba a wane darasi ya samo makinsa. Yarinya na iya zuwa ta biyar a aji saboda Turanci, Hausa, addini da zamantakewa sun ɗaga ta, lissafinta kuma yana ƙasa. Jimilla aka duba, ba a duba abin da ke cikinta ba. Daga nan ne sunan "ajin daƙiƙai" ya samo asali, mu malamai muka haifar da shi, ba yaran ba.

Yayan Gida, ka je makarantar da kanka kafin Litinin. Kada ka tsaya a ofishin firinsifal, shi zai gaya maka komai lafiya. Ka nemi malamin lissafinta na JSS3 da malamin kimiyya, ka ce su nuna maka makinta na zango-zango. Sannan ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje ka gani da idonka. Na san makarantar da yara fiye da saba'in ke aji ɗaya, bututun awon asid guda biyu ne a kabad, ɗaya bakinsa a fashe. Malami sai ya zana bututun a allo, ya ce "a nan ruwan zai koma ruwan hoda," yara su rubuta. Ranar jarrabawar WAEC ta ɗakin gwaje-gwaje ita ce ranar farko da wasu ke riƙe shi a hannu, hannu na rawa, asid na zuba a tebur. Idan irin wannan ce makarantar, ko yarinyar na son kimiyya ma sai an sake tunani.

Ka kuma tambayi ɗaya ɓangaren: akwai malamin litireca? Makarantu da yawa a nan Arewa suna da ajin At amma babu mai koyar da litireca, sai su cike gurbin da wani darasi. In haka ne, ta tafi At ɗin kuma lauyan bai samu ba, an yi ba a yi ba.

Yayan_Gida_Gwale:
Ranka ya daɗe, wannan maganar ta malamin litireca ko kusa ba ta zo mini ba. Makarantar kuɗi ce, amma ƙarama. Gobe in sha Allahu zan leƙa.

Dan_Dawakin_Tofa:
Ni kam tsohon ɗalibin makarantar kimiyya ne, kuma ba zan yarda a raina abin ba. Tun 1977 aka buɗe Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ku ƙirga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Amma ku lura da yadda ake shiga: jarrabawa ce ta musamman bayan JSS3, a tace yara, sannan a kai su inda ake kwana da tashi da kimiyya. Wannan daban, a ɗauki yarinya mai C a lissafi a ce "tafi ki zama likita" daban. Fiziks na SS1 lissafi ne daga farko har ƙarshe. Kemistiri ma da an zo lissafin mol, wato awon yawan sinadari, za a gane wanda ya iya.

Maman_Yan_Biyu:
To amma C ba faɗuwa ba ce ai. C6 ma kiredit ne.

Malam_Fiziks:
Kiredit ne Maman 'Yan Biyu, daga A1 zuwa C6 duk kiredit ne. Sai dai likitanci ba a tsaya kan kiredit ba. JAMB maki 400 ne, kuma kowace jami'a akwai adadin ɗaliban likitanci da hukumar likitoci ta MDCN ta yarje mata ta ɗauka, ba ta isa ta wuce ba. Masu nema dubbai, kujeru kaɗan. Wasu jami'o'in ma sai kiredit ɗin sun zo a zama ɗaya. Wanda bai samu ba sai a tura shi wani kwas da bai taɓa mafarki ba, ko ya tafi IJMB, shirin karatun da ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a, ko makarantar share fage irin ta Funtua ya sake gwadawa.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Don kada a ce na ɓoye gaskiya: lauyan ma haka yake. Akwai ƙayyadadden adadi, gasa ce mai zafi. Shekara biyar a jami'a, sannan shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, irin ta Bagauda. Kuma ba iya surutu a muhawara ba ne aikin, karatu ne mai yawa da rubutu. Ka gwada ta: ka ba ta littafi mai kauri na Turanci, ka ga ko za ta gama ba tare da an bi ta ba. In tana da Larabci ko ta yi nisa a Islamiyya, kada ta bar darasin addinin Musulunci da Larabci, suna da amfani ga mai son ɓangaren shari'ar Musulunci a irin su ABU da BUK. Amma ku duba sharuɗɗan kowace jami'a a kundin, ba iri ɗaya ba ne.

Akanta_Kwari:
Tun ɗazu ina karantawa, kimiyya, At, kimiyya, At. Ajin kasuwanci ba 'ya'yan mutane ne a ciki ba? A Kano muke fa. Ku shigo Kantin Kwari ku ga alhazan da ke juya miliyoyi, littafin shagon yana hannun yaron da bai san bambancin riba da jari ba. Kaya su shigo a rubuta a bayan kwali, bashi a rubuta a wani tsohon littafin makaranta, ƙarshen shekara a zo fitar da zakka a rasa ta ina za a fara. Yaron da ya yi akawu, kasuwanci da tattalin arziki a sakandare, ko bai je jami'a ba yana da abin yi. Kuma da kiredit biyar zai iya fara jarrabawar ATS, matakin farko na ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, tun kafin digiri.

Dan_Dawakin_Tofa:
Akanta, yarinyar da lissafi ke ba wahala za ka kai wa akawu?

Akanta_Kwari:
Ba ita nake nufi ba, na ga an manta da mu ne gaba ɗaya. Kuma lissafin akawu tarawa ne da ɗebewa da natsuwa, ba irin naku na x da y ba.

Yar_Zariya:
Ku tsaya, ba an ce an cire wa 'yan At lissafi ba? Na ji a rediyo. In haka ne ai ta huta.

Tsohon_Firinsifal:
'Yata, a kula da wannan. A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga mai neman gurbi a kwasa-kwasan At. Bayan 'yan kwanaki kuma ta fito ta fayyace cewa kowane ɗalibi dole ya yi rajistar Turanci da lissafi ya zauna jarrabawarsu. Wato darasin na nan daram a aji. Ni kuma ba zan ba kowane yaro shawarar ya saki lissafi ba, don gobe yana iya sauya ra'ayi zuwa tattalin arziki ko wani kwas na zamantakewa, ko ya je neman aiki a ce a kawo kiredit biyar har da lissafi.

Tunda an taɓo sabbin abubuwa: a shekarar ce kuma aka fito da sabuwar manhaja, aka rage yawan darussa, darussan sana'a da suka haura talatin aka mayar da su shida, ciki har da haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya da kwamfuta. Kowane yaro zai ɗauki ɗaya. Ka tambayi makarantar wanne suke koyarwa da gaske, da kayan aiki, ba wanda suke rubutawa a takarda kawai ba.

Injiniya_Ba_Aiki:
Gyaran waya a sakandare? Da a zamaninmu aka yi wannan da na rage hanya.

DanMaradi227:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Ina bin zancen da sha'awa don mu nan Nijar ma haka muke fama. Bayan BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, yaro zai tafi seconde A (adabi) ko seconde C (kimiyya), daga baya 'yan kimiyya su rabu C da D. Mai son likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sai ya zo da bak, wato shaidar gama sakandare, na kimiyya. Bambancin kawai, mu makin yaro shi ke da ƙarfi wajen tura shi, uba ba ya cika samun ta cewa a makarantar gwamnati. Amma raina 'yan A ɗin, iri ɗaya ne sak. Ƙanena A ya yi, dangi suka yi ta jaje kamar an yi rashi, yanzu shi ke fassara wa wata ƙungiya takardu daga Faransanci zuwa Hausa, shi ke riƙe da gidan.

Ustazu_Na_Kofar_Mata:
Ina so in ja hankali kan abin da ake tsallakewa. Ana ta maganar makaranta da JAMB, an manta akwai uba a tsakiya. Yayan Gida, kada ka je wa mahaifinku da sigar "ga hujja, ka yi kuskure." Ko kai ke biyan kuɗi, shi ne uba. Ka samu wanda yake jin nauyinsa, ƙaninsa ko amininsa ko limamin unguwa, ku zauna. Ita ma yarinyar a sa ta yi istihara, kuma ta faɗi dalilinta da ladabi. Karatun da aka fara da fushin iyaye ba ya albarka, wanda aka yi da dole kuma ba ya nisa.

Maman_Yan_Biyu:
Malam ya faɗi gaskiya. Sannan a sa Umma a ciki. Irin wannan magana a ɗaki ake gama ta, ba a zaure ba.

Anti_Mai_Lesin:
Akwai hanyar tsakiya da ban ga an ambata ba. WAEC darussa takwas zuwa tara ake rubutawa. Idan an cire na dole, akwai ɗan sarari. Na taɓa koyar da yarinyar da ke ajin kimiyya amma ta ɗauki litireca da tattalin arziki a matsayin zaɓi, ta fito da ƙofa biyu a buɗe. Matsalar ita ce jadawali: lokacin da 'yan At ke litireca, 'yan kimiyya na kemistiri. Sai makaranta ta yarda, sai kuma an nemo mai koya mata a gida.

Malam_Fiziks:
Anti, ana yi, amma ga yaro mai ƙarfi sosai. Ga wadda lissafi ke ja wa baya, kin ɗora mata fiziks da kemistiri, kin ƙara mata littattafan litireca da za ta karanta, wasan kwaikwayo, ƙagaggen labari da waƙoƙi. Taura biyu ba ta taunuwa. Ina tsoron ta fito da D7 a nan, D7 a can.

Kuma game da "ta sauya daga baya" da ke cikin tambayar tun farko: sauyawa daga kimiyya zuwa At a zangon farko ko na biyu na SS1 abu ne mai sauƙi. A SS2 ya fara tsauri, ta rasa karatun shekara guda, kuma makaranta na tura makin aji na yaro ga hukumar jarrabawa tun daga SS1. A makarantun gwamnatin Kano kuma a ƙarshen SS2 ake kwalifayin, wanda da shi ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa NECO. A SS3 kam sai dai gyaran Allah.

Abu_Sumayya:
To shi ke nan, ta gwada kimiyya zango ɗaya. Ai abin da na faɗa tun farko ke nan.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Ba shi ka faɗa ba, cewa ka yi za ta iya karanta komai. Kuma wa ya ce Baba zai yarda a fitar da ita bayan ya gama gaya wa abokansa 'yarsa na ajin likitoci? Shiga da sauƙi, fita ce aiki.

Yayan_Gida_Gwale:
Jama'a na gode ƙwarai. Na je makarantar yau. Akwai malamar litireca, amma mai yi wa ƙasa hidima ce, za ta gama nan da 'yan watanni, ba su san ko za a turo wata ba. Ɗakin gwajin kuma ba laifi, ya fi yadda na zata. Malamin lissafinta ya ce ba wai ba ta ganewa ba ne, tsoronsa take ji, da ta ga tambaya mai tsawo sai ta tsallake. Firinsifal ya yarda a ɗaga mana mayar da takardar zuwa mako mai zuwa. Na yi wa Kawu magana, zai zo gida ranar Juma'a bayan masallaci. Yanzu kaina ya fi ɗaurewa fiye da da.

Hajiya_Nas:
Ka ji ko? Tsoro ne kawai. A samo mata mai lesin mai haƙuri, za ka sha mamaki.

Injiniya_Ba_Aiki:
Ni ma haka aka ce da ni, Hajiya.

Tsohon_Firinsifal:
Maganar mai hidimar ƙasa ita ta fi damuna. Ka koma ka tambaye su wa ya koyar da 'yan SS3 na bara litireca, kuma yara nawa suka samu kiredit a ciki. Suna da takardar sakamakon a ofis. In suka yi ta kwana-kwana, ka fara tunanin wata makarantar, ba wani ajin ba.

Yar_Zariya:
Don Allah kafin a watse, ni ma ɗana na SS1 zanen gine-gine yake so. An ce sai da fiziks da lissafi, amma makarantarsu ba sa yin zanen fasaha, jogirafi kawai suke da shi. Malam Fiziks, zai wadatar ko sai mun nemi makarantar fasaha?